Yadda ake noman kayan lambu a kan damin tattaka

Masu ƙananan lambuna da dama a Amurka da wasu ƙasashen Turai sun rungumi wata dabara ta noman tumatir da tattasai da kabeji ba tare da sun sari ƙasa ba, inda suke dasa kayan lambun a cikin damin tattakar alkama kai tsaye.

Dabarar ta fi karɓuwa ne a wajen mazauna birane waɗanda harabar gidajensu siminti ce, ko kuma ƙasar wurin ta lalace, da kuma tsofaffi waɗanda sunkuyo ke yi wa wuya.

Sai dai duk da sauƙin da ake yi wa aikin kallo da shi, akasarin abin da ke sa lambun ya yi kyau ko ya lalace yana faruwa ne tun kafin a dasa ko da tsiro ɗaya: wurin da aka samo tattakar, da inda aka ajiye ta, da kuma yadda aka kula da ita a makonni biyun farko.

Asalin dabarar

Tattaka dai ita ce karan alkama ko sha'ir ko shinkafa da ke saura bayan an cire hatsin. A ƙasashen da ake girbi da injuna, akwai injin da ke bi yana tattara ta, ya matse ta sosai, ya ɗaure da igiya biyu ko uku, ta fito tamkar babban bulo.

Ƙaramin dami irin wannan yakan kai tsawon santimita 90, faɗinsa kuma kamar santimita 45, yayin da tsayinsa ke kai wa santimita 35. Idan a bushe yake, nauyinsa yakan yi kilo 20 ko kusa da haka.

Shuka a kan tattaka ba baƙon abu ba ne a Turai. Tun a shekarun 1960 masu noman kokwamba a cikin ɗakunan gilashi a Ingila suna amfani da ita, domin ta ɗumama saiwar shuka a lokacin sanyi, ta kuma raba ta da cututtukan da suka taru a cikin ƙasa.

Amma mutumin da ya fi yayata ta a tsakanin masu lambun gida shi ne Joel Karsten, wani Ba'amurke ɗan jihar Minnesota, wanda ya karanci ilimin noman lambu a jami'ar jihar.

Mista Karsten ya tashi ne a gona, inda ya lura tun yana yaro cewa wata ciyawa mai ƙaya ta fi yin ƙosasshen girma a kan tsofaffin dammunan da suka fara ruɓewa a gefen rumbu. Da ya sayi gida a Roseville, kusa da birnin Saint Paul, sai ya tarar ƙasar gidan ciko ce ta masu gini, wadda ba ta da amfani ga shuka. Wannan ne ya sa ya koma ga abin da ya gani a gona.

Littafin da ya wallafa a 2013 mai suna Straw Bale Gardens shi ne ya fito da dabarar fili, kuma tun daga lokacin sassan malaman gona na jami'o'i da dama a Amurka suka fitar da nasu bayanan a kanta.

Me ke faruwa a cikin damin?

Busasshiyar tattaka ba ta da abincin da shuka za ta ci. Wanda ya dasa tumatir a cikin sabon dami zai ga ganyen ya yi rawaya cikin 'yan kwanaki, daga nan kuma sai tsumburewa.

Dalili shi ne tattakar alkama tana ƙunshe da sinadarin kabon mai yawa, naitirojin kuwa ɗan kaɗan ne: kimanin kashi 80 na kabon ga kashi 1 na naitirojin. Su kuwa ƙwayoyin bakteriyar da ke ruɓar da ita suna bukatar kusan kashi 25 zuwa 30 na kabon ga kowane kashi 1 na naitirojin.

Don haka da zarar damin ya jiƙe, ƙwayoyin za su wawushe duk wani naitirojin da ke kusa domin cike giɓin, har da wanda aka zuba wa shukar. A wannan gasa shuka ce ke shan kashi.

Maganin abin shi ne a ciyar da ƙwayoyin tun da farko. Ana zuba wa damin taki mai naitirojin da ruwa na tsawon kwanaki, har cikinsa ya fara komawa taki, alhali bayansa yana nan da ƙarfinsa. Ta haka damin ke zama tukunya, ya kuma zama ƙasar da ke cikin tukunyar a lokaci guda.

Ruɓewar tana zuwa da zafi. A tsakiyar wannan aiki cikin damin kan haura digiri 50 a ma'aunin Selsiyos, zafin da zai iya dafa saiwar ɗanyen dashe.

Inda haɗarin yake

Matakin farko na tsara irin wannan lambu shi ne sayen tattakar, kuma a nan ne aka fi yin asarar da ba ta gyaruwa.

Kuskure na farko shi ne rikita tattaka da ingirici, wato busasshiyar ciyawar da ake tanada domin dabbobi. Injin iri ɗaya ne ke ɗaure su, kuma ga wanda bai saba ba kamarsu ɗaya. Amma ita ciyawa ana yanke ta ne da kanta da 'ya'yanta, don haka idan aka jiƙa ta sai ta tsiro ta cika damin da haki. Tattaka ta fi haske, launinta ruwan zinariya ne, kuma karanta yana da rami a tsakiya.

Matsala ta biyu ta fi muni, domin ido ba ya ganin ta. Akwai wasu magungunan kashe ciyawa, irin su clopyralid da aminopyralid da picloram, waɗanda ake fesawa a gonakin hatsi ko wuraren kiwo. Ba sa taɓa alkama ko ciyawar kiwo, amma suna kashe tsirrai masu faɗin ganye, kuma suna daɗewa a jikin kara ba su lalace ba. Ko dabba ta ci karan, maganin kan fito a cikin kashinta da ƙarfinsa.

A shekarar 2008 masu lambuna da yawa a Birtaniya sun yi asarar tumatir da dankalin Turawa da wake bayan sun zuba takin dabbobin da suka ci ciyawar da aka yi wa feshin aminopyralid. Lamarin ya kai ga hukumomi sun dakatar da sayar da maganin a wannan shekara, kafin a dawo da shi a 2009 bisa tsauraran sharuɗɗa.

Kafin nan, a farkon shekarun 2000, an samu irin wannan matsala da clopyralid a cikin takin da ake sarrafawa daga shara a jihar Washington ta Amurka.

Abin takaicin shi ne tumatir da wake da dankali da latas, wato abubuwan da aka fi so a shuka a kan dami, su ne suka fi saurin kamuwa. Alamar ita ce sabon ganye ya fito a murɗe, ya naɗe kamar cokali, shukar kuma ta ƙi yin gaba.

Shi ya sa malaman gona ke ba da shawarar a tambayi manomin da ya noma alkamar irin feshin da ya yi. Mai shagon da ke sayar da dami sau da yawa shi ma bai sani ba.

Idan ba a samu amsa ba, akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida. A yayyanka tattakar kaɗan, a jiƙa ta, a cuɗa da ƙasa mai kyau a cikin 'yan tukwane, a shuka wake. A gefe kuma a shuka waken a tukwanen da babu tattaka a ciki. Bayan mako biyu zuwa uku, idan ganyen tukwanen farko ya murɗe, na biyun kuwa yana lafiya, to wannan tattaka ba ta lambu ba ce.

Gwajin yana cin lokaci, don haka wajibi ne a sa shi cikin lissafi tun da wuri. Ana iya sayen dami ɗaya a gwada kafin a ɗauko sauran.

Zaɓen wuri

Kayan lambu masu 'ya'ya kamar tumatir da tattasai da kokwamba suna bukatar hasken rana na awa 6 zuwa 8 a kullum. Masu ganye, irin su latas da alayyafo, sukan jure 'yar inuwa.

Ana son a yanke shawarar wurin sau ɗaya, domin damin da ya sha ruwa yakan ninka nauyinsa ko ma fiye, kuma idan ya fara ruɓewa, yunƙurin ɗaga shi na iya wargaza shi.

Haka kuma ya kamata wurin ya kasance kusa da famfo ko rijiya. Wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne, kamar yadda za a gani a gaba.

Ana iya ɗora dami a kan siminti ko tsakuwa ko ƙasa. Idan a kan ƙasa ne, akan shimfiɗa kwali ko tsofaffin jaridu a ƙarƙashi don hana ciyawa ɓullowa, wasu kuma sukan ƙara da ragar waya saboda ɓeraye. Ruwan da ke tsatsowa daga damin yana da launi, yana kuma ɓata daɓe, sannan yana ruɓar da katako. A wasu tsofaffin unguwannin biranen Amurka inda ƙasa ta gurɓace da gubar dalma daga tsohon fenti da hayaƙin mota, shimfiɗar ita ce ke raba saiwar shuka da ƙasar.

Yadda ake kwantar da damin ma yana da ƙa'ida. Igiyoyin su kasance sun zagaye shi ta gefe, ba su ratsa ta sama ba, don kada su tsinke wajen dashe. Gefen da bakunan karan suke a yanke shi ne zai kalli sama, saboda ramukan karan su riƙa shigar da ruwa da taki ciki.

Akan jera dammunan kai da kai, layi ya miƙe daga arewa zuwa kudu yadda kowane ɓangare zai samu rana. Tsakanin layi da layi a bar kamar mita ɗaya domin wucewa. Layin dami 5 zai ci tsawon mita 4 da rabi.

Tun a wannan mataki ake kafa turaku na ƙarfe a ƙarshen kowane layi, a ja wayoyi a tsakaninsu, tazarar kamar santimita 25 daga wata zuwa wata. Turakun suna riƙe dammunan kada su baje, wayoyin kuma su ne tumatir da kokwamba za su hau. Sandar da aka soke a cikin damin kawai ba ta daɗewa, domin yayin da cikinsa ke laushi sai ta kwanta da shukar gaba ɗaya.

Makonni biyun farko

Akwai jadawali iri-iri na shirya dami, amma duk manufarsu ɗaya. Wanda malaman gona na jami'o'in Amurka suka fi bayarwa yana tafiya ne kamar haka.

A kwana 3 na farko ruwa kawai ake zubawa, har sai damin ya jiƙe sharkaf.

Daga kwana na 4 zuwa na 6 ana barbaɗa rabin kofi na takin yuriya, wato kimanin mililita 120, a kan kowane dami a kullum, sannan a bi shi da ruwa ya shige ciki. Daga kwana na 7 zuwa na 9 sai a rage takin zuwa rubu'in kofi. A kwana na 10 a daina zuba shi, a ci gaba da ban ruwa.

Shi Mista Karsten yana fara zuba takin ne tun ranar farko, yana tsallake kwana ɗaya-ɗaya, kana a kwana na 10 ya ƙara kofi ɗaya na takin NPK domin samar da sauran sinadaran da tattaka ba ta da su sosai. A tsarinsa ana dashe ne a kwana na 12.

Masu gudun takin zamani sukan yi amfani da garin busasshen jini ko na gashin kaji ko kashin kaji. Waɗannan suna aiki, amma ana bukatar su da yawa, kuma sai an ƙara kamar mako ɗaya a kan lokacin. Suna kuma da wari a kwanakin farko, abin da mai maƙwabta na kusa ya kamata ya sani.

Abu ɗaya da ake gargaɗi a kansa shi ne takin da ake sayarwa don filin ciyawar ƙawa, wanda a wasu lokuta akan gauraya shi da maganin ciyawa.

Lissafin kwanaki ba ya wadatarwa shi kaɗai. Kafin dashe ana cusa hannu cikin damin. Idan zafinsa ya fi na jiki, sai a ƙara jira. A lokacin sanyi ruɓewar kan yi jinkiri, a lokacin zafi kuma ta yi sauri.

A wannan tsakani damin kan yi duhu, ya fara ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa, wani lokaci kuma laimar kwaɗi ta tsiro a kansa. Wannan alama ce ta cewa aikin yana tafiya daidai, ko da yake ba a cin ta. 'Yan ƙwayoyin alkamar da suka maƙale ma sukan tsiro, sai a cire su da hannu.

A Minnesota, inda sanyi mai daskarar da ruwa kan kai har cikin watan Mayu, ɗumin damin wata riba ce, domin yana bai wa mai lambu damar dasawa kafin ƙasa ta yi ɗumi. Don haka akan ƙirga baya ne daga ranar da ake son dashe, a fara shirin makonni biyu kafin nan.

Abin da ake shukawa

Dami ɗaya yana ɗaukar tumatir 2, ko tattasai 4, ko kabeji 4, ko kabewa 2. Wanda ya ga saman damin da faɗi ya cusa fiye da haka zai ga sakamakon a tsakiyar kaka, lokacin da tsirran suka rufe juna.

Wajen dashe, ana buɗa tattakar da ƙaramin cebur, a saka dashen da ƙasar da ke jikin saiwarsa, a cike gefen da taki mai laushi. Idan iri za a shuka, kamar karas ko latas ko wake, sai an fara shimfiɗa taki mai laushi kaurin santimita 3 zuwa 5 a saman damin, in ba haka ba ƙananan irin za su zurare ciki su ɓace. Ana guje wa ɗebo ƙasar lambu don wannan aiki, saboda tana zuwa da irin ciyawa da cututtukan da tun farko ake gudu.

Dankalin Turawa yana yin kyau ƙwarai, girbinsa kuma ba ya bukatar fartanya: a yanke igiyar, a baje damin, a tsince.

Masara da kuɓewa kuwa ba su dace ba, saboda tsayinsu da nauyin kansu na kayar da su. Haka nan duk wata shukar da ke shekara da shekaru a wuri ɗaya, tunda damin ba zai kai ba.

Ruwa da taki

Masu tallata dabarar sun fi jaddada cewa babu noma, babu cirar ciyawa sosai, kuma cututtukan ƙasa irin su tsutsar saiwa ba sa samun shukar cikin sauƙi. Duk wannan gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne aikin fartanyar da aka rage yana komawa ne ga ban ruwa.

Dami a sarari yake ta kowane gefe, iska da rana suna busar da shi, ruwa kuma yana zurarewa ta ƙasansa. A lokacin zafi sai an ba shi ruwa kullum, wani lokaci safe da yamma. Shi ya sa akasarin masu wannan lambu ke shimfiɗa tiyo mai tsatsar da ruwa a kan layin tun kafin dashe. Tumatirin da ke shan ruwa yau, gobe ya rasa, yakan yi baƙin tabo a gindin 'ya'yansa.

Ruwan da ke zurarewa yana tafiya da taki, don haka ana ƙara takin duk bayan mako biyu zuwa huɗu. Idan tsofaffin ganye suka fara rawaya, naitirojin ne ya yi ƙaranci.

Ga wanda yake da ƙasa mai kyau a gidansa, da wuya wannan dabara ta fi masa riba a kan kunya da takin gargajiya, idan aka haɗa kuɗin dami da na taki da na ruwa a kowace shekara. Amfaninta yana ga wanda ba shi da wannan zaɓi.

Ƙasashe masu zafi fa?

A Masar, ƙona tattakar shinkafa a yankin da kogin Nilu ke shiga teku na daga cikin abubuwan da suka haddasa baƙin hayaƙin da ya fara lulluɓe birnin Alkahira a kakar 1999. A ƙoƙarin nema wa tattakar amfani, masu bincike a ƙasar sun gwada noman kokwamba da tattasai da sauran kayan lambu a kan matsattsun dammunan shinkafa, musamman a wuraren da ƙasa ke da gishiri ko cuta.

Wannan ya nuna tattakar shinkafa tana iya aikin. To amma a wurare irin su Kura da Kadawa a jihar Kano, ko fadamun Kebbi, lissafin ya sha bamban.

Da farko tattaka a can abincin dabbobi ce, tana da masu saye, musamman idan rani ya yi nisa. Sannan akasari da hannu ake ɗaure ta, kuma damin da bai matsu ba ba ya riƙe ruwa ko zafin ruɓewa. Sai an danna ta da ƙafa a cikin akwatin katako an ɗaure da igiya mai ƙarfi kafin ta yi kama da wadda ake magana a kai.

Ɗumin da ke taimakon mai lambu a Minnesota ba shi da wani amfani a watan Afrilu a Kano ko Maraɗi, inda damin zai riƙa bushewa cikin 'yan sa'o'i. Lokacin hunturu, wanda da ma shi ne lokacin latas da kabeji da karas, ya fi dacewa da gwaji.

Ga kuma gara, wadda jiƙaƙƙiyar tattaka a kan ƙasa ke jawowa. Wanda zai gwada sai ya ɗora damin a kan daɓen siminti, nesa da katako da azarar ɗaki.

Ko a ƙasashe masu sanyi dami kaka ɗaya yake yi, da ƙyar ya kai biyu. Kafin girbi yakan ƙanƙance ya karkace, cikinsa ya zama baƙi mai laushi. A lokacin ne ake cire igiyoyin, a tara ragowar wuri ɗaya ta ƙarasa ruɓewa, kuma da ita ce ake shimfiɗa saman sababbin dammunan shekara mai zuwa.